Kafin ku ɗora wa baƙin rami komai, ku tambayi ƙura

Ƙannena masu karatun fiziks a Kaduna, musamman ku da zancen sararin samaniya ya fara ja, na daɗe ina koyar da wani abu a karkace. Nakan gaya wa ɗalibai cewa duk galaksin (wato babban tarin taurari) da ke da ƙaton baƙin rami (wurin da jansa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa) mai haɗiyar iskar gas a tsakiyarsa, daga ramin ne duk hasken infared ɗinsa, wato hasken ɗumi da ido ba ya gani, ke fitowa. Ramin ne mai suna, ina ambatonsa aji ke yin tsit, ni kuma na bi abin da ke burge jama'a.

Mafi yawan hasken nan daga ƙura yake fitowa. Tana shanye hasken da ya dake ta, ta ɗumama, ta sake fitar da shi a matsayin infared, kamar bangon siminti da ya wuni yana shan ranar Afrilu, dare ya yi yana hura wa mai ɗaki zafi. Abin tambaya: wa ya ɗumama ta?

Masu ɗumamar biyu ne. Ƙurar da ke kewaye da faifan gas mai zafi da ke juyawa a gewayen ramin takan yi zafi har kusan digiri 1,500 a ma'aunin Kelvin, haskenta gajeren zango ne (zango shi ne tsawon igiyar hasken). Wadda sabbin taurari ke ɗumamawa kuwa sanyi gare ta, digiri 20 zuwa 50, ta fi haske a zangon wajen maikron 100 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na'urar hangen sararin samaniya ta Herschel da Turai ta harba a 2009 ta nuna cewa a yawancin irin waɗannan galaksi, haihuwar taurari ce ke da kaso mafi tsoka na wannan dogon zangon. Ku dubi Arp 220, mai nisan shekarar haske kusan miliyan 250, wanda tauraron ɗan'adam IRAS ya tona tsananin haskensa bayan harba shi a 1983: galaksi biyu ne suka yi karo, gas ya matse, taurari ke ta haihuwa ba ƙaƙƙautawa.

Saboda haka in an miƙo muku adadin haske guda ɗaya, kar ku yanke hukunci. Ku tambayi zangon da aka auna. Ku nemi alamar sinadaran PAH (ƙananan ƙwayoyin kabon da ke cikin ƙurar) a maikron 6.2 da 7.7, waɗanda ke bayyana inda ake haihuwar taurari, su dusashe kusa da ramin. Sannan ku haɗa da awon eksire mai ƙarfi, don shi ke iya ratsa ƙurar ya fallasa ramin da ya ɓuya.