Hoton tsire da dare a Yamai: haske ɗaya ya isa

Wanda ya tsaya gaban tukubar mai tsire a Yamai bayan sallar isha'i, ko a Wadata ko a Yantala, ya san yadda nama ke sheƙi a ido. Da ya ɗaga salula sai hoton ya fito toka-toka, yajin ya koma kamar yashi. Mutane kan ɗora wa duhu laifi, alhali kyamara ta fi shan wahala da haske iri biyu da suka haɗu kan nama guda. Garwashi ja ne, fitilar sola ko ta caji da mai nama ya rataya kuwa fara ce sol har tana ɗaukar shuɗi, kusan kelbin 6000 zuwa 6500 a ma'aunin launin haske. Idan kyamara ta gyara fari sai garwashi ya rine komai, idan ta gyara ja sai naman ya yi kamar ya kwana.

Maganin shi ne a zaɓi ɗaya. In naman kake so, ka karɓi ƙunshinka ka matsa taku biyu ko uku daga wuta, ka buɗe shi ƙarƙashin fitila. In wutar kake so, to ka juya wa fitilar baya, ka bar garwashi ya yi aikinsa. A tsarin Pro na kyamarar Tecno, Infinix ko Samsung akwai wurin WB, inda ake daidaita launin haske: ga farar fitila ka sa shi wajen 5500 zuwa 6000, ga wuta ka sauko kusa da 3000.

Filash dai a kashe shi. Yana bugun nama gaba da gaba, man da ke jiki ya mayar da hasken cikin kyamara, sai a ga ɗigo-ɗigon fari, ƙuliƙuli ya ɓace. Abin da ya fi shi shi ne tocin salular aboki. A rufe ta da ninki biyu na farin tishu, a riƙe ta daga gefe, ɗan sama da naman, tazarar kamu biyu. Hasken gefe shi ke fito da gargasar yaji da bakin da wuta ta ci. In aka ƙara matsar da tocin can bayan naman, tururi ma sai ya fito, amma tururin ba ya jira: minti ɗaya ko biyu bayan an yanka, ya tafi, kitsen balangu ya fara daskarewa. Don haka a gama saita waya tun naman na kan wuta.

Layukan baƙi da ke ratsa hoto a wasu rumfuna daga kuran suke. Wutar Nijar tana juyi 50 a daƙiƙa, ƙwan fitila mai araha yana ƙyafta sau 100, ido bai gani amma kyamara na kamawa. Ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, layukan za su tafi. Fitilar batir galibi ba ta da wannan matsala. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kada ya wuce 800 a ƙaramar waya, in ba haka ba hoton zai cika da tsaki-tsaki. Tsarin dare yana haɗa hotuna da yawa cikin daƙiƙa biyu zuwa huɗu, ya dace da kilishi da ke shimfiɗe a tire, amma hannun mai shayi yana sheƙa madara daga kofi zuwa kofi sai ya zama hazo.

Kada ka jawo hoto da yatsu, ka matso da kanka, kamar santimita 25 zuwa 30, da babbar kyamara mai alamar 1x. Danna kan naman ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ɗan ja alamar rana ƙasa don rage haske. Gwiwar hannu a kan benci. Kuma a goge gilashin kyamara da bakin riga, musamman lokacin hunturu, don ƙura da hayaƙin kitse su ke sa kowace fitila ta yi rawani.

Ni a ganina babu shimfiɗar da ta kai takardar ƙunshi ruwan ƙasa, ba ta ƙyalli kamar farantin silba, baƙar leda kuwa haske take sha. A barbaza zobe uku ko huɗu na albasar Galmi a gefe, launinta na makuba yana tayar da jan nama. Kilishi kuma a ɗaga falle guda tsakanin fitila da waya, mai sirara irin na Madawa haske na ratsa shi.

Kafin a ɗauki mai nama, a yi sallama a ce, "Maigida, in ɗauki hoton tukubarka?" Masu ci a benci a bar fuskokinsu waje. Wajen turawa ta WhatsApp a taɓa HD, don matse hoto ya fi ɓata wurare masu duhu.