Hasken taga ne ya tona mini asiri

Har yau idan na tuna da falon nan raina ɓaci yake. Bango ne dogo na allon jifsam, da ƙatuwar taga a gefensa. Na cike mahaɗar allunan da fila, wato ƙullin da ake cike tsaga da rami da shi, na goge da samfefa da yamma, ƙwan lantarki na sama kaɗai ke haska mini. A idona bango ya yi sumul. Na shafa fentin ƙasa, wato wanda ake fara shafawa kafin ainihin fentin, na bi da mai sheƙi shafi biyu, na kwashe kayana ina jin kaina gwani.

Washegari da hantsi mai gidan ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya miƙa ya ce, "Malam, duba nan." Rana ta shigo ta tagar ta kwanta a jikin bangon, duk mahaɗar da na rufe ta fito ɓaro-ɓaro kamar an ja layi. Kan sukurori ma sai ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ga fenti mai sheƙi kuma, ba ya rufa wa kowa asiri.

Kwana 4 na yi ina gyara, ba a ƙara mini ko sisi ba, fentin ma ni na sake saye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na ɗauki minti 10 na duba yadda ya kamata, da ba a kai nan ba.

Tun daga ranar tocila ba ta barin aljihuna. Kafin na buɗe bokitin fenti, nakan kashe wutar ɗaki, in kwantar da tocilar a jikin bango ta haska shi a gicciye. Duk tudu da rami sai ya yi inuwa. In zagaye wurin da fensir. Kada ka yi da alƙalamin maka ko biro, tawadarsu tana ɓullowa ta cikin fenti, wannan ma sai da na sha wuyarsa.

Da na zauna na bi diddigin kuskurena, ashe gaggawa ce tun daga fila. Shafi biyu na yi masu kauri, maimakon uku marasa kauri da kowanne ya fi na baya faɗi, har bakin ya ɓace a jikin allo. Kuma ban jira na farko ya bushe ba. Irin filar da ke zuwa a dame cikin bokiti takan so kusan awa 24, ko fiye idan iska da danshi. In ka rufe ta da ɗanye a ciki, sai ta janye daga baya ta bar kwari. Nawa haka ya yi, a duk tsawon falon.

Sauran ƙananan abubuwa ne: goge ƙurar samfefa da tsumma mai ɗan laima kafin fentin ƙasa, da juye bokitai masu launi ɗaya a babban mazubi don kada bango ya fito kala biyu. Yarona kan yi tsaki idan na kashe wuta na ciro tocila, wai ɓata lokaci ne. Makon jiya na miƙa masa ita a bangon da ya rantse ya gama. Wuri 9 ya zagaye da hannunsa.