Sabar da nake haya, da rijiyarmu ɗaya

Shafukan intanet da nake kula wa mutane da su duk suna kan VPS ne, wato wata irin saba (kwamfutar da ke riƙe shafuka) ta haya. In ba ka san shi ba, ɗauke shi kamar ɗaki a gidan haya: babbar kwamfuta ɗaya aka yanka kashi-kashi da manhajar KVM, kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma faifan ajiya da layin intanet na kowa ne, kamar rijiyar tsakar gida.

Na daɗe ina barin cron, tsarin da ke gudanar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, ya ɗauki kwafin ajiya da ƙarfe 12 na dare. Wata rana Hajiyar da nake riƙe wa shafin sayar da atamfa ta kira ni: "Malam, jiya da dare shafin nan ya ƙi buɗewa, masu saye na ta ƙorafi." Da na zauna gaban top, manhajar da ke nuna nauyin aikin da ke kan inji, a daren, sai ga ma'aunan "wa" da "st" sun haura, wato injina na jiran faifai, kuma maƙwabta na cinye lokacin da ya kamata ya samu. Ina kyautata zaton duk mun zaɓi sha biyu ne, kowa ya zo da gugarsa lokaci guda. Na mayar da nawa ƙarfe 3:40, na sa wa rsync, manhajar da ke kwafe fayilolin, iyakar gudu da --bwlimit. Rumbun bayanan kuwa ba na kwafe fayilolinsa yana aiki. Mysqldump, manhajar fitar da kwafin rumbun, da zaɓin --single-transaction nake amfani da shi, don kwafin ya fito daidai ko da rumbun na aiki, tunda teburan irin na InnoDB ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maɓallin nan na ɗaukar hoton sabar gaba ɗaya, wato kwafin duk abin da ke cikinta a lokaci guda. Daɗin dannawa gare shi, sai ka ji ka gama. To amma ina aka ajiye hoton? A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin OVH mai ba da hayar saba a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda kwafinsu yake wuri ɗaya da sabar, suka tashi ba ko ɗaya.

Yanzu kwafi ɗaya na tafiya wani kamfani a wata ƙasa, wani kuma nakan sauke shi kan faifan da ke gida duk ranar Juma'a bayan masallaci. Ranar da na fara gwada dawo da shafin Hajiya daga kwafin, rubutu ya fito tsaf, amma hotunan atamfar ba ko guda: ashe na manta ban sa jakarsu cikin jerin ba.