Motar ta yi ta kuka, ni kuwa na ƙara rediyo

Makonni uku da suka wuce ɗan ƙanena ya ɗauke ni a Corollarsa za mu ɗaurin aure Wudil. Mota tsaf, ta sha wanka, ƙamshin turare har yana hawa kai. Muna wuce Mariri ya ɗan taka ta, sai na ji abin. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa daga baya, wuuu, kamar jirgin sama ya taso daga nesa ya ƙi isowa. Na ce, "Kai, rage waƙar nan." Ya rage. Na ce, "Ka ji?" Ya ce, "Baffa, ai taya ce, ta kwana biyu tana yi." Ya miƙa hannu ya mayar da waƙarsa inda take.

Miƙa hannun nan shi ya tsaya min a rai, don ni ma na taɓa miƙa irinsa.

A 2009 ina jan Golf 3 wagon ta haya, Kano zuwa Jos. Motar ta wani Alhaji ce a unguwarmu, kuma balas ɗinsa, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mota, ba ya jin uzuri, an samu ko ba a samu ba sai an kai. Azumin shekarar ya faɗo cikin damina, ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Wanda ya san hanyar Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka har Jengre ya san yadda ruwa ke cika rami ya shafe shi, ba ka sanin zurfinsa sai ka ji ka a ciki. Mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya, in za a dawo kuma ga buhunan dankali. Duk wannan nauyi a kan wasu 'yan ƙarafa yake zaune waɗanda ba su kai kan ɗan yatsa ba, suna mirginawa cikin giris a tsakiyar taya. Boris ke nan: zobe a cikin zobe, ƙwallaye ko 'yan gangunan ƙarfe a tsakani, sai roba da ta toshe bakin don kada giris ya fita, kada ruwa da ƙasa su shiga. Ranar da robar ta sare, ruwa ya shiga, giris ya tsinke, tsatsa ta yi wa fuskar zoben zanzana. Kukan da kake ji, ƙarafan nan ne ke bi ta kan zanzanar sau dubbai a minti ɗaya.

Duk wannan na san shi a lokacin. Kada wani ya ce jahilci ne, da jahilci ne ma da na fi samun sauƙin yafe wa kaina. Kukan ya fara ne bayan wata rana da na ratsa ruwa har ya kusa shiga ƙofa. Da farko sai na kai wajen sittin nake jinsa. Na taka kulochi, injin ya yi ƙasa, kuka bai ragu ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, yana nan. Ashe ba inji ba ne, ba giya ba ce, abu ne mai bin gudun taya. In na sha kwana ta hagu, nauyin mota ya koma dama, sai ya ƙara murya. In na karkata dama sai ya yi shiru kamar an ba shi haƙuri. Ko yaron gareji na wata uku ya san fassarar wannan: boris ɗin dama ne. Ni kuwa na ce taya ce. Na ce kwalta ce. Na ƙara ƙarar tafsiri a rediyo, har fasinja suna yaba min son addini.

Kwana kusan goma a haka kafin na kai ta wurin wani dattijon bakanike, kuma ba don kukan na je ba, salansa ce ta kwance. Yana jin na shigo da ita ya ce, "Ɗan nan, bayanka na dama fa?" Ya sa aka ɗaga ta a jak. Ya dafa saman tayar da hannu ɗaya, ƙasanta da ɗaya, ya girgiza: ƙwal, ƙwal, tana wasa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya wulwula ta, ya ce in kasa kunne. Maimakon ta juya shiru, sai wani gurji kamar ana niƙa tsakuwa a dutsen niƙa. Ya ɓalle murfin tsakiya da sukudireba ya lakato giris ɗin a yatsa ya nuna min. Ya koma ruwan ƙasa, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya ce, "Sayo na ciki da na waje da robarsu, awa ɗaya ka tafi."

Kuɗin bai kai na fasinja biyu ba. Na sha faɗa wa kaina cewa ba kuɗin ba ne, awa ɗayan ce, don layina ya kusa a tasha, in ya wuce ni na yi asarar yini. Kuma gaskiya ne. Sallah saura mako guda, ban ɗinka wa yara ba, maiɗakina ga tsohon ciki, Alhaji kuwa in ka ce masa gyara sai ya dube ka kamar ka ce ya ba ka gadonsa. Wanda bai taɓa jan motar wani ba ba zai gane ba. Amma dai in zan faɗi tsakani da Allah, a daren ranar na sayi tsiren da ya kusa rabin kuɗin boris ɗin. To wace irin rashin hali ce wannan?

Abin da na yi ya fi ƙin gyaran muni. Na ce wa wani yaro a bakin tasha ya cusa sabon giris a kan tsohon, ya ɗaure notin da kyau don wasan ya tafi. Ya sa ƙarfinsa duka. Wasa ya tafi kuwa, na yi murna. Alhali boris ɗin bayan Golf irin mai tsinin nan ne da ake saitawa da hannu: ana ɗaure noti ne daidai yadda woshar da ke bayansa za ta iya ɗan gusawa in ka tura ta da bakin sukudireba, sannan a sa fin. Ka matse shi tam, ka hana giris wurin zama, ka haɗa ƙarfe da ƙarfe. Wato na ɗauki mara lafiya na shaƙe masa wuya don ya daina nishi.

Kwana biyu bayan haka, mun fito daga Jos da lodi, mun shiga Falgore da la'asar, kowa na lissafin inda zai sha ruwa. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, wani abu na ƙauri." Na ce birki ne, Inna, gangara muka sauko. Kukan ya riga ya tashi daga wuuu ya koma ƙara mai kartar kunne, ina jinsa har a kujera. Na ce bari dai in lallaɓa zuwa Tudun Wada. Ban kai ba. Sai na ji bayan motar ya zauna ƙasa, ta yi wani jan gefe, na ga tayata, da durom ɗin birkinta duka, ta wuce ni ta shige daji tana tsalle. Allah Ya sa ba gudu nake sosai ba, kuma babu babbar mota a bayana. Muka sauka daga titi muka daki tudun ƙasa. Tsohuwar nan ta karye a hannu. Wani ɗan kasuwa ya fasa goshi. Ba wanda ya mutu, kuma na daɗe ina riƙe da wannan maganar kamar wani abin kirki ne na yi.

Na tsuguna na duba ƙarfen da tayar ke zama a kai. Ya koma shuɗi saboda zafi, zoben ciki ya manne da shi kamar an yi walda, 'yan gangunan sun narke sun baje. Wani ya fasa ledar ruwa ya zuba, ya yi cuuu, tururi ya tashi. A nan muka sha ruwa, a bakin daji, tsohuwa na salati tana riƙe da hannu, ba ta ko zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min. Gyaran ya ci kuɗin boris ninki ban san nawa ba, Alhaji ya karɓi makullinsa, na yi Sallah a gida ina cewa tsautsayi ne. Tsautsayin da ya yi kusan mako biyu yana sallama.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari goma sha, ku samarin yanzu, amma na san ba za ku karanta ba, ku da ba ku iya minti biyar babu abu a kunne. Don haka ga kaɗan.

Ku kashe waƙa. Sau ɗaya a mako, a titi mai kyau, ku rufe gilashi ku yi shiru ku ji motarku. Kukan da ke ƙaruwa da gudu, bai damu da giya ko totur ba, yana canzawa in kun ɗan karkata sitiyari hagu da dama, ku ɗauka boris ne har sai an nuna muku ba shi ba ne. E, tayar da ta ci ba daidai ba tana irin wannan kuka, ɗan ƙanen nawa bai yi ƙarya duka ba. To a shafa ta a ji ko ta yi tudu da kwari, a sauya ta baya zuwa gaba. In kuka ya bi taya, taya ce, in ya tsaya inda yake, kun sami amsa. Ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana gaba ɗaya, wannan shaf ne, ƙarfen da ke juya tayar gaba. Wasa in an riƙe taya ta gefe da gefe, galibi tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Kada bakanike ya haɗa muku su a kwano ɗaya.

Kuma kada ku ce an girgiza taya ba ta wasa, shi ke nan lafiya. Boris ɗin motocin yanzu a rufe suke zuwa, ba a buɗewa, ba a ƙara giris, kuma suna iya kuka wata da watanni ba su yi wasa ba. A ɗaga, a wulwula tayar, ka dafa sifirin da hannu, za ka ji gurjin yana zuwa tafinka. Bayan doguwar tafiya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yan uwanta zafi tana da magana, ko boris ko birki ya kama. Wani lokaci ma fitilar ABS, ta na'urar birki, ce za ta kama, don abin da ke ƙirga juyin taya a jikin boris ɗin yake a motoci da yawa, har in an sa shi a juye fitilar ba ta mutuwa.

Ku ji maganar bakanike. A'a, ku tsaya a kansa. Wanda ya ɗauko guduma zai buga sabon boris na gaba, ku karɓi kayanku; da injin matsi ake shigar da shi, guduma tana yi masa zanzanar tun kafin ya taka titi. Ku sayi sabo mai suna, SKF ko Koyo ko NSK, ban da na Beljiyam da ba ku san tafiyar da ya yi ba. Sai dai kwali ba shaida ba ne, jabu ya cika kasuwa, har na taɓa ganin hob, wato boris haɗe da gidansa, na Beljiyam da ya fi sabon kwali daɗewa. To ku nemi mai shagon da zai ji kunyar ganinku gobe, iyakar abin da zan ce ke nan. Wasu na cewa in ɗaya ya tafi a canza duka biyun. Ni ban ce dole ba, a duba ɗayan dai. Ko da yake da ni ne yau, da kuɗi a hannu, biyun zan canza in huta.

In kuwa ya kai ga ƙauri, ko sitiyari na rawa, ko ƙarar ta koma karta, babu wani lallaɓawa zuwa gari na gaba. A tsaya a nan.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanen nawa a gindin wata bishiya a Wudil, muna jiran a fito da goro. Yana ta "to Baffa, in sha Allahu Baffa," ido na kan waya. Na bayan Corollarsa hob ne guda, noti huɗu ke riƙe da shi, aikin da bai kai zaman da yake yi a wurin wankin mota ba. Ya ce ranar Asabar zai kai. Da aka tashi dawowa na ce masa ina da magana da wani abokina, na shiga motarsu.

Asabar biyu sun wuce. Jiya na tambayi uwarsa, ta ce ai ya kai an yi masa alaimen, har ya sa sababbin sifiku a but.