Sai na buɗe bakin doki nake biyan kuɗinsa

Bargata tana Ɗorayi, turke 9 ne a cikinta, da yara 3 da ke taya ni wanka da sharar barga da yankan harawa. Wurin mahaifina na gaji sana'ar. A zamaninsa, in kana son doki sai ka yi asubanci ranar Alhamis ka nufi Maigatari, ka sami dillalin da ka sani, a zagaya da kai, a yi ciniki a gaban shaidu, a ba shi la'adarsa. Har gobe ina zuwa. Amma yanzu yawancin masu nemana ta waya suke fara ganin dawakina, kuma ta nan ɓarayin zaune suka samu ƙofa.

Ana saura kwana 10 Babbar Sallah, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar barga, ya taho tun daga Zariya da motar ɗaukar doki. Ya ce ya zo ɗaukar akawal ɗin, wato baƙin dokin, da ya biya wa kafin alƙalami. Na ce, "Baba, wane akawal?" Ya ciro waya ya nuna min. Wallahi dokina ne, mai farin goshi da farar ƙafar baya ta hagu, har muryar yarona ana ji a bidiyon yana masa kirari. Wani ne ya kwashe bidiyon daga shafina, ya buɗe nasa shafin da suna mai kama da na bargata, ya sa farashin da bai kai rabin kuɗin dokin ba. Ya gaya wa dattijon cewa mutum biyu na layi, in bai tura naira dubu 400 a daren ba to ya rasa. Muka kira lambar a gabansa, a kashe. Dattijon nan ya zauna a kan buhun dusa ya daɗe bai ce uffan ba. Ya so ne ya ba jikansa dokin don yaron ya yi hawansa na farko. Na raka shi banki da ofishin 'yan sanda, amma har ya koma gida babu labarin kuɗin.

Lokacin nan macutan suke jira. Da zarar an doshi Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, kowa na neman abin hawa, farashi ya tashi, hankali ma ya tashi. Tun da UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, har daga wajen Arewa ana kirana ana tambayar doki ɗan Sudan ko kili, wato farin doki, mai tsayi, kuma irin waɗannan baƙi sun fi saurin faɗawa.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya kira ni daga nesa shi ne, kada ya yarda da bidiyon da aka turo masa, ko da ni na turo. Ya kira ta bidiyon WhatsApp kai tsaye, ya ce a ɗaga ƙafar gaba ta dama a nuna masa cikin kofato, a zagaya da dokin, a buɗe masa baki. Wanda ya saci hoto ba shi da bakin da zai buɗe, sai ya fara cewa sabis ba kyau, ko dokin yana ƙauye. Haƙori kuwa shi ke faɗin shekaru: doki na zubar da na nono na tsakiya wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, in ya kai 5 baki ya cika. Sau nawa ake tallan tsoho a ce ɗan shekara 4 ne! Ko bayan wannan, ni ba na biya sai na sa an yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, domin ɗingishi yana ɓuya a rairayi. Sai na shafa ƙafafunsa huɗu na ji ko akwai zafi ko kumburi, na ɗaura sirdi na hau, na ji yadda yake karɓar linzami. Wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko ɗan'uwansa, ko likitan dabbobi da shi ya zaɓa da kansa. Kuma ya duba sunan da ke kan asusun banki, in ya saɓa da na mai dokin ya dakata.

Mu masu sayarwa ma ba mu tsira ba. An taɓa turo min alat na bogi, direba na tsaye yana cewa, "Alhaji a yi sauri, dare zai yi mana." Na buɗe manhajar bankina, ko sisi bai shiga ba. Na ce a mayar da dokin turke. Akwai kuma mai cewa ya turo fiye da kuɗin bisa kuskure, a mayar masa da ragowar, alhali babu abin da ya turo.

Tun daga kan dattijon nan nake rubuta lambar wayata a jikin kowane bidiyo, a tsakiya inda ba za a iya yanke ta ba. Duk dokin da zai fita, sai mun rubuta takarda mai ɗauke da launinsa da alamominsa da shekarunsa, shaidu biyu sun sa hannu, na ga kuɗi a asusuna, sannan yaro ya kwance ragama daga turke. Jikan dattijon kuwa ya yi hawansa a shekarar, a kan wani doki bidi da na ba su aro.