Yadda zafin Maraɗi ya zaɓa mini kifi

Akwatin gilashina na kiwon kifin ado bai wuce lita 60 ba, wani mai yankan gilashin taga ne ya haɗa mini shi a nan Maraɗi. Na wanke yashi har hannuna ya yi fari, na shuka ciyawar ruwa balisneriya a baya, na ɗaure tsiron anubiyas da zare a jikin dutse, don in ka binne kaurin jijiyarsa cikin yashi ruɓewa yake yi. Sannan na zuba gupi 6 da tetra mai ratsin shuɗi da ja guda 8. Abu ya yi kyau, amma kamar kasuwa ba sarkin kasuwa. Kowa na kai da kawowa, ido bai da inda zai tsaya.

Inna kuwa duk wucewar da za ta yi sai ta tanka: "Wai kai, kifin da ba ya shiga tukunya, don me ake ciyar da shi?"

Da tafiya ta kama ni zuwa Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya, sai na tsaya wajen wani mai sayar da kifin ado. Nan na ga anjel, mai ratsin baƙi da fari, yana tafiya a hankali kamar basarake cikin alkyabba. Girmansa bai fi kwabon dala ashirin ba. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ɗauka kawai, wannan ba ruwansa da faɗa." Ban tambayi iya girmansa in ya manyanta ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta kamata in fara yi. Anjel yakan kai santimita 15 a tsawo, tsayinsa da fika-fikai ya kusa 20. Tsayin akwatina gaba ɗaya santimita 35 ne, a cire yashi.

Bayan wata biyar na fara ƙirga tetra ina samun 7, daga baya 5. Na ɗora wa mussar gidanmu laifi, har na kore ta da takalmi. Wata rana bayan sallar asuba na haska fitila, sai ga wutsiyar tetra a bakin basaraken. Ashe anjel, duk da daga kogin Amazon ya fito, dangi ɗaya suke da karfasar da masunta ke kamawa a tafkin Madarumfa. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Mussa dai har yau ba ta yafe mini ba.

Abin da ya ƙarasa koya mini hankali shi ne watan Afrilu. Zafi ya haura 40, ma'aunin da ke cikin ruwa ya nuna 33, sai aka ɗauke wuta da azahar, matatar ruwa ta tsaya. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, kifi kuma a lokacin ne buƙatarsa ke ƙaruwa. Kafin la'asar duk sun taru a sama suna buɗe baki. Na saka ƙanƙara cikin leda na jefa, ina ɗiban ruwa da moɗa ina tsiyayawa daga sama. Sauran tetra ba su kai dare ba, su dama ruwa mai ɗan sanyi suke so. Anjel ya sha da ƙyar, na kai shi wajen wani abokina mai akwatin lita 200.

Zaɓe na biyu na yi shi da takarda da biro. Jan kifin nan na golfish tsirrai yake ci, na soke shi. Namijin beta ya burge ni, amma dogayen wutsiyoyin gupi kan sa ya ɗauke su abokan gaba. Na daɗe ina juya kiribensis, don ɗan yankinmu ne, daga kogunan kudancin Nijeriya da Kamaru, ga juriya. Sai dai tona yashi yake, kuma in sun yi ƙwai su biyu, ƙasan akwati duk ya zama nasu, a lita 60 gupi ba su da wurin gudu.

Na tsaya kan guramin zuma, ɗan Indiya da Bangaladash. Da wuya ya wuce santimita 5, ba ya cin tsiro, ba ya korar kowa. Babban dalilina kuwa, yana da wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa. Wanda ya taɓa ganin tarwaɗa ta kwana da rai cikin daro da ɗan ruwa kaɗan ya san abin da nake nufi. Wannan ba ya hana shi jin zafi, shi ya sa na mai da akwatin ɗakin da rana ba ta bugu, na sa ƙaramar fanka mai caji tana hura saman ruwan. Ruwa na ƙafewa da sauri, kullum sai na ƙara wanda ya kwana a bokiti.

Ranar da na kawo shi, kala-kalarsa a koɗe, ɗana ya dube shi ya ce, "Baba, wannan ne sarkin?" Sai da ya yi sati uku kafin jikinsa ya koma ruwan zuma, maƙogwaro ya yi baƙi-baƙi. Yana da wasu zaruruwa biyu a ƙirji, da su yake shafa ganye ɗaya bayan ɗaya kamar mai taya atamfa.

Da hunturu ya shigo sai na juya tsari: na kashe fanka, na rufe akwatin da murfi, don ƙura, kuma don iskar da yake shaƙa ta zama mai ɗumi. A cikin Disamba ya tara kumfa a kusurwa, ƙarƙashin ganyen balisneriya da ya kwanta a saman ruwa, sheƙarsa ke nan. Inna ce ta fara gani. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in je in nemo masa mata kafin azumi.