Ni a sama, tumatirina a ƙasa

Laraba da dare, Agege.

Jiya bayan la'asar muka gama lodin tumatir a kasuwar Kwanar Gafan da ke jihar Kano, Kawu ya tayar da mota kafin magariba. Ni kuwa na kwana a gida, sai yau da hantsi na hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, saboda dillalina na kasuwar Mile 12 da ke Legas ya matsa sai na zo mun daidaita tsohon lissafi kafin kaya su iso. Awa ɗaya da rabi muka yi a sama. Ruwan gora da ɗan biskit ɗin da aka raba mana ko gama su ban yi ba aka ce mu ɗaura bel, za mu sauka Ikeja.

Ina kunna waya na kira Kawu. Ya ce, "Har ka sauka, ɗan nan? To mu yanzu muka baro Bida, sai addu'a." Wato mutumin da ya riga ni tashi da dare guda cur, ko gadar Jebba bai hango ba.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan duk yinin yau. Tsakanin Kano da Legas, in aka miƙe ta sama, kilomita 830 ne ko kusa da haka. Ta mota kuwa wajen 1,000 ne, ya ɗan haura in an yi zagaye. Ratar ba ta taka kara ta karya ba, amma ni awa ɗaya da rabi, shi kwana biyu in Allah ya kiyaye. Ashe ba tsawon kwalta ke cinye lokacin ba. Daga Kaduna, hanyar da ta fi kusa ita ce ta Birnin Gwari zuwa Tegina, amma direbobi da yawa sun haƙura da ita saboda 'yan bindiga. Sai su gangara Suleja, su karya ta Lambata, Lapai, Agaie, Bida, sannan Mokwa. Ga ramuka, ga shingaye, kowanne sai an tsaya an "gaisa". Tirela ɗaya ta kife a inda hanya ta matse, shi ke nan an kwana a wurin. Bayan Jebba kuma akwai Ilori, Ogbomosho, Oyo da Badun suna jira.

Shi tumatir bai san uzuri ba. Kwandon da ke ƙasa tun daga Mokwa yake fara tsiyaya, kowace awa kuma kuɗi ne ke zuba a titi. Masu cewa kayan gwari sun yi tsada a Kurmi, da za su bi motar nan sau ɗaya da sun rage surutu.

Legas ma ta karɓi nata kason. Daga filin jirgi zuwa nan Agege tafiyar 'yan kilomitoci ce, amma cunkoso ya riƙe mu har na yi azahar a makare.

Bayan isha'i Kawu ya sake kira, sun tsallake gada, sun tsaya cin tuwo, taya ɗaya ta yi faci. Ya ce in gaya wa dillali ya tanadi 'yan dako gobe da la'asar, kada ya sa rai da safe.